Koyon ɗinki a Kaduna: shagon oga, Poly ko horon gwamnati?

Duk wanda ya shiga Kasuwar Barci ana saura mako biyu Sallah ya san ɗinki ba ya kwantai a garin nan. Amma kafin ka kai ƙaninka ko 'yarka koyo, ka yi tambaya ɗaya: yaushe za a ba shi almakashi? Taka keke ba ya ɗaukar lokaci, yanka ne ke raba tela da yaron shago.

Shagon oga ya fi sauƙin kuɗi. Nan ake sanin halin kwastoma, da yadda ake yanke farashin kaftani, da bambance shadda mai kyau da ta bogi. Illarsa rashin tsari. Na san yaron da ya shekara biyu yana guga da sa maɓalli da sayo zare, ogan kuwa sai kowa ya tashi yake yanka. Har yau abin na ci mini rai. Don haka a zauna gaban shaidu tun ranar farko: nawa ne kuɗin koyo, shekara nawa kafin yaye, a wane wata zai fara awo da yanka. In mace ce, a duba nisan shagon da lokacin tashi.

Mai kiredit biyar da JAMB ya nufi Kaduna Polytechnic, inda difloma ta ND a fannin ɗinki ke cin shekara 2. Can ake koyon fitar da samfuri a takarda kafin a taɓa yadi, abin da teloli da yawa ba su iya ba. Hukumar NBTE mai sa ido kan irin wannan karatu ma hedikwatarta na nan Kaduna. Sai dai lacca ba ta sa hannu ya faɗa. Ɗalibi ya samu shagon da zai riƙa zama da yamma.

Horon gwamnati kuwa, wato na NDE (hukumar samar da ayyukan yi) da na ITF (asusun horar da ma'aikata), galibi gajeru ne. Sun fi amfanar wanda ya riga ya fara.

Ni dai zaɓina ga wanda ba shi da kiredit shi ne oga mai tsoron Allah, daga baya ya zana jarrabawar gwajin sana'a (Trade Test) ta Ma'aikatar Ƙwadago don ya samu takarda. Kuma tun yanzu a fara adashin keken ƙafa, saboda ranar da babu wuta.