Anki da shirin kalmomin jarrabawar B2 First

Duk ɗalibin da ya tambaye ni manhajar da zai sa a waya don shirin kalmomin Turanci, Anki nake ce masa. Darasin yamma nake koyarwa a Kano, kuma yawancin masu zuwa wurina ko dai B2 First ta Cambridge suke hari, ko IELTS, duka jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci. Na ga amfaninta a hannun mutane da dama, amma sai an san yadda ake riƙe ta.

Sai an fara sanin abin da jarrabawar ke nema. A B2 First, takardar karatu da sarrafa harshe awa ɗaya da kwata ce, sassa 7, tambayoyi 52. Sashen farko rubutu ne mai gurabe 8, kowane gurbi da zaɓi huɗu, kuma huɗun nan idan ka duba ƙamus kusan ma'anarsu ɗaya. Abin da ake gwadawa shi ne ko ka san wace kalma ce ke zama da wace. Bature yana cewa "heavy rain", ba ya cewa "strong rain". Yana cewa "make a decision", ba ya cewa "do a decision". A sashe na uku kuma a ba ka tushen kalma, a ce ka juya ta ta dace da jimla, kamar "rely" ta koma "unreliable", kuma harafi ɗaya ya kuskure maki ya tafi. Wanda ya haddace jerin kalmomi da fassararsu kawai, a nan yake tsayawa cak.

Anki katuna ce a waya: tambaya a gaba, amsa a baya. Damien Elmes ya fito da ita a 2006. Idan kati ya fito ka amsa a zuci, sai ka buɗe amsar ka danna ɗaya daga maɓallai huɗu, gwargwadon yadda ka same shi, daga "na manta" zuwa "ya yi sauƙi". Wanda ka manta zai dawo maka nan da 'yan mintuna. Wanda ka riƙe sai ta jinkirta shi kwanaki, daga baya makonni, har watanni. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon koyo, bita a kan kari kuma tana rage ta. Mai hadda ya san wannan ba sai an gaya masa ba: shafin jiya kullum ake tilawarsa, na bara kuwa sai jefi-jefi. Bambancin kawai, a nan manhajar ce ke riƙe maka lissafin.

Abin da ya fi burge ni shi ne katin cike gurbi. Ka rubuta cikakkiyar jimla, ka ɓoye kalma ɗaya. Wata ɗalibata ta daɗe tana rubuta "depend of", na gyara mata da jan biro har na gaji. Sai na sa ta yi kati da jimlarta ta kanta, game da kuɗin makarantar ƙaninta: "It depends ___ my father's salary." Tana bitarsa a cikin A Daidaita Sahu a hanyar zuwa aiki, da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Da ta kawo rubutunta na gaba, "depends on" na zaune a wurinsa, ba ta ma lura ta yi ba. Wallahi na ji daɗin ranar. Wannan kati shi ne kamannin tambayar jarrabawar sak, shi ya sa nake nacewa a kansa.

Maganar kuɗi ba tsawo. Ta kwamfuta kyauta ce, ta Android mai suna AnkiDroid ma kyauta ce. Ta iPhone ce ake saya, kusan dala 25, biya ɗaya. Tana aiki ba tare da data ba, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. A kula dai wajen saukewa, domin akwai wasu manhajoji masu kama da sunanta da ba ita ba ce.

Inda nake jan kunne shi ne katunan da wasu suka haɗa suka zuba a intanet. Za ka ga tari mai kalmomi dubbai, ranka ya biya. Yawancinsu kalma ce tilo da ma'anarta, babu jimla, babu abokiyar zamanta. Anki ba ta zaɓar maka abin da ya kamata ka koya, abin da ka zuba mata shi take tsare maka. Don haka ka yi tsofaffin tambayoyi da samfuran da Cambridge ke bayarwa kyauta a shafinta, duk inda ka faɗi ka mayar da shi kati.

Sai batun yawa. Tana zuwa a saite da sababbin katuna 20 a rana, kuma kowane sabo yana jawo bita a gaba. Ɗalibi ya tsallake mako guda saboda biki ko rashin caji, ya dawo ya tarar da ɗaruruwa suna jiransa, sai gwiwa ta yi sanyi. Ni goma nake sa nawa su saita, su yi bayan Asuba kafin hayaniyar gida ta tashi.

Ba za ta koya maka rubuta wasiƙa ko magana a gaban mai jarrabawa ba, waɗannan sai da malami da abokin hira. Sashe na huɗu na takardar karatu da sarrafa harshe ma, inda ake sake gina jimla da kalmomi biyu zuwa biyar, rabin aikin kawai take ɗauke maka. Wanda jarrabawarsa saura mako biyu, ya bar ta ya rungumi tsofaffin tambayoyi. Mai wata uku ko fiye a gabansa kuwa, ya sauke ta yau ya fara da kurakuran da ya yi a darasin jiya.