Taliya da siopao a Ma Mon Luk, ga yadda na same su

'Yan uwa masu karatu a Filifin da masu shirin zuwa, bari in faɗa muku ra'ayina a kan Ma Mon Luk, tsohon gidan abincin nan da ke kan Quezon Avenue kusa da Banawe a Quezon City. Amma tun kafin in fara yabo gara in fito fili, in kai Musulmi ne wannan gidan ba naka ba ne. Siopao ɗinsu, wato turararren burodi mai nama a tsakiya, irin wanda suke kira asado naman alade ne a ciki, kuma girkin 'yan Sin ne na gargajiya, alade na cikin harkar kicin ɗin gaba ɗaya, don haka kar ganin kaza a kan kwano ya ruɗe ka. Ni Kirista ne shi ya sa na zauna na ci, ban so wani ya karanta wannan ya je ya ce ni na tura shi. Mai neman halal ya nufi unguwar Quiapo a Manila wajen Golden Mosque a titin Globo de Oro, masallacin da aka gina a 1976, Musulman Mindanao na da gidajen abinci birjik a wurin, ka nemi pastil, shinkafa da dagargajajjen naman kaza a nannaɗe cikin ganyen ayaba, ga araha ga ƙoshi.

To mu koma kan namu. Wata 'yar ajinmu ce 'yar Manila ta matsa sai mun je, wai kakanta ne ya fara kai babanta wurin, babanta ya kai ta, yanzu ita ma dole ta kai wani. Kana shiga abin da zai fara tarbarka warin romo ne da ɗanyar taliya, mai ƙarfi ne sosai, wasu ma daga bakin ƙofa suke yamutsa fuska, ni dai minti kaɗan hancina ya saba. Tebura masu saman marmara da suka sha hannu har sun yi santsi, kujerun katako, fanka na juyawa a sama, ga tsofaffin hotuna da yankakkun jaridu a bango. Babu wani ƙyale-ƙyale irin na gidajen abincin cikin mol, kuma gaskiya hakan ya fi burge ni, ba su yi ƙoƙarin zama sabon wuri ba ko kaɗan.

Shi mai sunan malamin makaranta ne daga Guangdong a ƙasar Sin, an haife shi a 1896, ya sauka Manila a 1918. Labarin da kowa ke bayarwa shi ne wata yarinya yake so iyayenta suka ce talaka ne, sai ya fito neman kuɗi, ya fara tallan taliya da romon kaza a titunan Binondo, unguwar 'yan Sin a Manila, gwangwani biyu rataye a sanda a kafaɗarsa, in ka saya ya sa almakashi ya yanka maka taliyar daidai kuɗinka. Ya rasu a 1961 amma zuri'arsa na riƙe da sana'ar har yau. Malamin makaranta ya ajiye alli ya ɗau talla saboda mace, kai soyayya ba abin da ba ta sa mutum.

Mami muka fara da shi, wato taliyar cikin romo. Ba ka gama gyara zama ba an dire maka kwano yana turiri, taliya rawaya mai ɗan kauri, yankan nama a kai da ganyen albasa. Kurɓar farko na ce a raina wannan shi ne abin da ake ta zuzutawa? Romon salam, ba yaji ba komai, harshen da ya tashi da tattasai da daddawa sai ya ji kamar an manta da wani abu. Ƙawar tawa ta yi dariya ta ce ba haka ake ci ba, ta ɗauko wata miya ruwan ƙasa mai kauri da ɗan zaƙi wadda ake ba siopao, ta zuba cokali a romon, ta matse calamansi, ɗan ƙaramin lemon tsaminsu, ta barbaɗa masoro ta juya. Nan fa abu ya canza, romon ya yi jiki, ɗanɗanon ƙashin da aka daɗe ana dafawa ya fito, taliyar kuma ba ta saki ba har ƙarshen kwano, tana da ɗan tauri a haƙori yadda nake so. Sai da na ɗaga kwanon na shanye.

Siopao ɗin kuwa shi ne ya sa zan koma. In ka san alkubus to ka san rabin labarin, fulawa ce aka turara ta yi fari fat ta yi laushi, sai dai shi an cusa nama a tsakiya kuma ya fi zaƙi kaɗan. Girmansa ya cika tafin hannu, akwai 'yar takarda manne a gindinsa sai ka ɓare, na ga wani tsoho a teburin kusa da mu har fatar saman yake ɓarewa a hankali kamar mai aikin tiyata kafin ya kai baki. Ka raba shi biyu turiri ya taso, naman ya nuna lugub cikin miya mai zaƙi da gishiri, ba irin na kanti ba da za ka yi ta cin burodi kana neman nama. Babban, wanda suke cewa special, har da gwaiduwar ƙwai mai gishiri a ciki, ita ce ke kashe zaƙin. Shawarata ka ɗauki shi, ƙaramin sai ya bar ka da kwaɗayi.

Siomai ma, wato ƙullin nama a cikin siririyar fatar fulawa da aka turara, mun taɓa, manya ne, ba laifi, amma bayan mami da siopao cikina ya riga ya rufe.

Ma'aikatan yawanci manya ne, ba surutu ba dogon gaisuwa, ka ce kuya, wato yaya a yarensu, ya juyo, ka faɗi abin da kake so ya tafi ya kawo. Kuɗin ya ɗara na mami ɗin bakin titi, amma ɗalibi zai iya in ba kullum ba. Ka je da tsabar peso a aljihu, kuma ka guji tsakar rana don zafin Manila ga romo mai zafi sai ka jiƙe sharkaf, da yamma bayan ruwan sama ya fi daɗi, sai dai cunkoson Quezon Avenue a lokacin kam sai haƙuri.

Na yi guzurin siopao zuwa ɗaki, washegari na ɗora kwalanda a kan tukunyar ruwan zafi na rufe ya turara, ya dawo kamar yanzu aka sauke shi. Wanda abokin ɗakina ya jefa a microwave ya bushe ya yi tauri, kar ku yi wannan.