Gargaɗi kan mai tallar "libarbar Baturen da ya ci Kano"

Jama'a, akwai wani da ke yawo a Facebook da WhatsApp da hotunan tsohuwar libarba cikin akwatin katako mai shimfiɗar koren ƙyalle, da farantin tagulla a murfi an zana sunan wani hafsan Ingila. Wai kakansa ne kukun Baturen, da zai koma gida ya bar masa ita tukuici. Kuma wai da ita aka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, cikin rundunar Kanar Morland. Ƙarya yake yi.

Kawuna, mai son tara kayan da, saura ƙiris ya tura masa kafin alƙalami. Ya kira ni: "Ɗana, zo ka duba min, kai da ka iya waya." Na ja hoton na ƙara girmansa, sai ga rubutu a jikin ƙarfen: Webley Mark VI, 1917. To ita wannan samfurin sai 1915 sojan Ingila suka fara riƙe ta, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, shekara goma sha biyu bayan cin Kano. Ko ba rubutun ma, siffarta ta tona shi. Mark IV ta 1899, wadda ta yi zamani da su Lugard, bakinta inci 4 ne, ƙotarta a lanƙwashe kamar kan tsuntsu. Ta hoton nan bakinta dogo ne, inci 6, ƙotarta kuma mai kusurwa. Farantin tagulla kuwa, kowane mai sassaƙa hatimi zai yi maka shi kafin la'asar, da sunan da ka ga dama.

Na ce Kawu ya nemi mutumin ya ɗauki bidiyo, ya buɗe bindigar a ga ramukan harsashinta shida, da takarda mai ɗauke da kwanan watan yau a gefe. Nan fa aka fara kame-kame: tana ƙauye, wani Alhaji ya riga ya taya, a hanzarta. Da na saka hoton a Google, sai ga shi a shafin wani gidan gwanjo na Ingila, har da lambar kaya. Ko taɓa ta bai taɓa yi ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne Kawu bai san cewa ko da gaske ce, wuta zai saya da kuɗinsa ba. A Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959, libarba na cikin haramtattun bindigogi, sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma tsufanta ba ya wanke ta. Ɗan damfarar ya san haka sarai, shi ya sa ya zaɓi wannan haja: wanda aka cuta ba zai iya zuwa caji ofis ya ce kuɗin bindiga aka cinye masa ba.

Mun kai rahoton shafin, an rufe. Shekaranjiya na sake ganin akwatin nan da wani sabon suna, wannan karon wai a Sakkwato aka yi yaƙi da ita.