Almakashin datse reshe da na saya a kasuwar Dole, ra'ayina ga masu zogala

Jama'a masu zogala a tsakar gida da masu garka, almakashin nan na datse reshe mai jan hannu da ake saidawa wajen masu kayan ƙarfe a kasuwar Dole ta Damagaram ya cancanci kuɗinshi, amma fa akwai inda yake da rauni kuma zan faɗa. Ɗan China ne, ba wani suna a jikinshi, kuɗin bai kai jika biyar ba bayan mun yi ciniki. Siffarshi dai an kwaikwayi na kamfanin Felco ne na ƙasar Suwizalan, wanda samfurinsu mai lamba 2 tun 1948 ake ƙera shi, to wancan kuɗinshi ba na talaka ba ne, wannan shi ne daidai aljihunmu.

Dalilin sayen shi ne zogala. Duk wanda ya shuka ta ya san halinta, in ka barta haka sai ta miƙe sama zar kamar gora, cikin shekara guda tana iya yin mita 3 ko 4, ganyen duk ya tare can ƙoli inda hannu bai kai, mai ɗaki tana son na kwaɗo ko dambu sai an nemo sanda ana kakkaɓa ana karya reshe. Abin da ke jawo haka, tohon da ke can saman kai shi ke fitar da wani sinadari da ke hana idanun da ke ƙasa tsirowa, kana cire kan nan sai su farka gaba ɗaya. Shi ya sa in ta kai kamar santimita 60 zuwa mita ɗaya sai ka datse kan, misalin santimita 10 daga sama, bayan sati ɗaya zuwa biyu zaka ga rassa sun fito ta gefe, ka zaɓi huɗu ko biyar masu ƙwari waɗanda suka kalli ɓangarori daban daban ka bari, suma in sun kai tsawon santimita 20 ka rage su rabi, su sake yin 'ya'ya. A haka take zama gajera mai faɗi cike da ganye, yaro ma yana tsaye zai tsinka.

To anan ne almakashin ya burge ni wallahi. Itacen zogala taushi gare shi, cike da ruwa, in ka sa wuƙa ko adda sai ɓawon ya salube ya biyo ƙasa, wajen ya yi ta zubar da ƙaro, da damina ya ruɓe ko gara ta samu ƙofa. Wannan kuwa bakinshi biyu suna gogar juna suna wucewa, ka ɗora shi ɗan sama da ido ka karkata hannu kaɗan ka matsa, ƙyas, fuskar yankan ta fito sumul a karkace ruwa bai zama a kai, ɓawo na nan manne bai motsa ba. Ku kula dan Allah, akwai wani iri a shagon mai baki ɗaya da ke sauka kan faffaɗan ƙarfe, wancan na busasshen itace ne, ɗanyen reshe murƙushe shi yake yi. Mai shagon ma bai san bambancin ba, shi dai duk almakashi ne a wajenshi, kuma ban ga laifinshi ba tunda ba aikinshi ba ne.

Na gwada shi kan lemun tsami mai aure wajen cire tohon da ke fitowa ƙasan inda aka haɗa, wanda in ka barshi shi zai cinye ƙarfin itacen, ya yi daidai. Tumatir kam bai buƙatar shi sosai, 'yan tohon da ke fitowa a hammatar ganye da yatsa ake cire su tun suna ƙanana, sai ka kafa sanda ka ɗaure da tsumma sako-sako, kuma gajeren irin nan da bai hawa sama kar a matsa mishi da yanka, 'ya'yan ne zasu ragu.

Rauninshi kuwa, resor ɗin tsakiya mai buɗe bakin bai da riƙo, yakan yi tsalle ya faɗa cikin ƙasa kana tsakiyar aiki, in rairayi ne sai ka durƙusa kana lalube, ni da 'yar waya na ɗaure gefe ɗaya ya zauna. Makullin da ke rufe bakin shima saki yake, kar a ajiye inda yara ke kaiwa. Ƙarfen yana tsatsa da wuri, ƙaron zogala kuma yana manne mishi, dole bayan kowane aiki ka goge ka shafa ɗan mai, in kana tashi daga shuka zuwa shuka musamman wadda ka ga alamar cuta to ka goge bakin da alkol ko ruwan jabel tukuna, cuta na bin ƙarfe. Kuma iyakarshi reshe mai kaurin babban yatsa. Tsohuwar zogala da ake son a gille daga mita ɗaya ta sake sabon toho, ko 'yan uwanmu na Mirya da Matamai da Magarya masu sassaben zamani da ke gyaran gawo a gonaki suna barin reshe ɗaya ko biyu su zama itace, wannan aikin zarto ne da gatari, ka tilasta ma almakashin nan bakin zai goce ka yi asara.

Lokacin yanka ma a kiyaye, da sanyin safiya ya fi, banda tsakar rana a bazara sanda zafin Damagaram ke wuce 40, kuma a ba shukar ruwa bayan an datse, ko na wanke shinkafa ne a tara a zuba mata tunda mun san yadda ruwan famfo yake a garin nan. In zaku saya ku tafi da ɗan ɗanyen reshe a aljihu ku gwada a gaban mai shago, ku ɗaga shi ga haske ku duba ko bakin biyu sun haɗu ba tazara, don cikin kwali ɗaya ma wani ya fi wani.