Tankin ruwa ko kwamfuta, wanne ya fi nuna kumfar kashin maƙera?

Jama'a ga gardamar da ɗaliban injiniya ke ta yi nan Bauchi. In ana narka ƙarfe, kabon na haɗuwa da oksijin ya ba da iskar kabon monoksayid (CO), ita ke maƙalewa cikin kashin maƙera, wato dattin da ke taruwa a saman narkakken ƙarfen, har ya yi kumfa, daidai misali tana kare bangon tukunya, in ta yi yawa kuma sai ambaliya. To wa zai leƙa cikin zafin digiri 1600?

Shi ya sa wasu ke haɗa tanki garai-garai, ruwa a ƙasa a madadin ƙarfe, mai a sama a madadin kashin maƙera, a hura iska ta gindi, ka auna yadda ruwan ya ɗago, nan za ka san iskar da ta tsaya ciki. Yadda ruwa ke gudana ya yi kusa da na narkakken ƙarfe, amma fa ba zafi ba sinadari, man kuma ba ya kumfa irin ta gaske.

Kwamfuta kam har zafin za ta lissafa, sai dai galibi kai za ka faɗa mata girman ƙwayar iskar, in ka kuskure duk lissafin ya karkace, ga cin lokaci ga neman wuta tsayayya. Ni dai a ganina ɗalibi ya fara da tanki tukuna.