Tayil, leda ko kafet: me ya dace da daɓen gidan haya?

Wanda zai zauna a gidansa yana zaɓen abin da ya burge shi. Mai gidan haya kuwa lissafinsa daban ne: ranar da ɗan haya ya kwashe kayansa, kwana nawa gyara zai ci kafin wani ya tare, kuma nawa za a kashe? Duk makon da gida ya yi a kulle, kuɗin haya ne ya salwanta. Da wannan ya kamata a auna abin da za a shimfiɗa a ƙasa.

Tayil ne ya fi jure wahala, amma nau'o'insa suna ne kawai ya haɗa su. Akwai siramik na gama-gari, akwai fosilin da aka gasa a wuta mai tsanani har ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Fosilin ya fi tsada, ya fi wuyar yanka, mai aiki ma zai nemi ƙari. Duk da haka, a falo, kicin da bakin ƙofa inda ake jan kujeru da firji, shi zan saya. A ɗakin kwana siramik ya wadatar. Duba jikin kwalin: lambar PEI tana nuna jure gogayya, 3 ta isa ɗaki, 4 ta fi dacewa da wurin da ake yawan takawa. A banɗaki kuma nemi mai lambar hana santsi R10 ko sama da haka, don mai sheƙin nan da ke ɗaukar ido a shago, da ruwan sabulu ya taɓa shi sai santsi.

Kada ka sayi daidai awon ɗaki. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ka tabbatar duk kwalayen lambar fitowarsu ɗaya, ka kuma ɓoye kwali guda a ajiye. Bayan shekara uku da wuya ka sami irin launin a kasuwa, kuma tayil ɗaya bare a tsakiyar falo ba ya ɓoyuwa. Kafin ka sallami mai aiki, bi ƙasan kana ƙwanƙwasawa da bayan makulli. Inda ya yi ƙara kamar ganga, babu siminti a ƙarƙashi, nan zai fara tsagewa. Abin cike tsakanin tayil ma a sa mai duhu, fari ba ya daɗewa yake komawa ruwan ƙasa.

Leda tana da araha, ana shimfiɗa ta a yini ɗaya, abin da ke da amfani idan sabon ɗan haya yana jira. Ta nadi mai sirara ƙafar gado ma tana huda ta, kuma idan ta yage sai an canja ɗakin gaba ɗaya. Mai zuwa falle-falle ta fi, domin ana cire wanda ya lalace kaɗai. Tambayi kaurin fatar samanta: milimita 0.3 na gida ne, 0.55 na wurin cunkoso, kuma a gidan haya na biyun ya cancanci kuɗinsa. Sharaɗinta dai ƙasa ta kasance a bushe, a baje. In akwai danshi, ledar za ta rufe shi, wari ya biyo baya.

Laminet kama da katako yake, yana sa gida saurin samun mai so. Sai dai cikinsa garin katako ne da aka matse, famfo ya yi yoyo dare ɗaya, gefensa ya kumbura, ba ya komawa. Kada ya kusanci kicin ko banɗaki.

Kafet ban ba da shawararsa ba, sai a wuri mai tsananin sanyi, nan ma ɗakin kwana kawai. Yana riƙe wari da tabo, kuma shi ne kan gaba wajen jawo gardama a kan kuɗin ajiyar da ɗan haya ke bayarwa saboda ɓarna. Kowanne ka zaɓa, ɗauki hoton kowane ɗaki ranar ba da makulli, kai da ɗan haya ku sa hannu a takardar da ta bayyana halin da gidan yake ciki.