Shatar mota zuwa Gwandu da Argungu: inda take biya da inda take gazawa

Baƙon da ya sauka Birnin Kebbi da niyyar ziyartar Hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, ya kuma leƙa gidan tarihin Kanta da bakin gulbin Matan Fada, inda ake gasar kamun kifi, a Argungu, ko dai ya bi motar layi ko ya ɗauki shata. Motar layi ta fi sauƙin kuɗi, amma ba ta tashi sai ta cika, kuma a tasha take ajiye mutum, daga nan sai ya nemi ɗan kabu-kabu. Namiji shi kaɗai mai kwana biyu a hannu zai iya da ita. Mai iyali, ko wanda ya zo da tsofaffi, ko mai son haɗa wuraren uku a yini guda, shata ce kawai mafita. Hukuncinmu a kanta shi ne tana biyan kuɗinta, da sharaɗin mutum ya san cewa hanya kawai direba yake sayar masa. Tsarin ziyarar, da bayanin tarihi, da lafiyar shiga ruwa, duk suna wuyan mai shata.

A tasha ake ɗaukar mota, ta hannun 'yan yuniyan. Gara a bi ta nan da a tsayar da mota a bakin titi, domin an san direban, an san lambar motarsa, idan wani abu ya taso akwai wurin kai ƙara. Ɗan kamasho yana da nasa kaso a cikin kuɗin, shi ya sa farashin farko yake zuwa da kumburi. Motocin da aka fi samu su ne Golf da Sharon. Golf ta ishi mutum huɗu, kar a yarda da lodin layi na biyu gaba huɗu baya. Daga mutum biyar zuwa shida sai Sharon. A je da yammacin jajibirin tafiya a ga motar ido da ido: tayoyi huɗu da safaya mai iska, jak da sifana, ruwan lagireto, birki, takardun mota da lasisin direba. Takardun ba ƙaramin abu ba ne, saboda akwai shingayen bincike a hanya, kuma direban da takardunsa ba su cika ba zai riƙa fita yana doguwar gaisuwa a kowane shinge, lokacinka ne yake ƙonewa. Na'urar sanyaya mota kuwa kar a karɓi "tana yi" da baki. A kunna ta, a sa hannu.

Wurin ciniki ne yawancin ziyarori suke lalacewa tun ba a tashi ba. Gwandu tana gabas da Birnin Kebbi, Argungu tana arewa maso gabas, kowacce tafiyar kusan awa ɗaya ce, kilomita 50 da 'yan kai. Idan aka haɗa zuwa da dawowa da zirga-zirgar cikin gari, a lissafa kilomita 200 zuwa 220. Golf mai lafiya da mutane a ciki za ta sha lita 20 zuwa 25, Sharon ta kusa 30, in an kunna sanyi a ƙara kaɗan. Da wannan lissafin da farashin litar ranar, mutum ya san kuɗin mai, saura ladan direba da na motarsa, sai kuɗin jira. Jiran nan shi ne ba a faɗa. Za ka tambaya, "Malam direba, kuɗin nan har da jira?" Ya ce, "Haba Alhaji, ai ba mu ɓatawa." Wannan amsar ba amsa ba ce. Direban tasha da sawu yake lissafin yininsa, duk awar da motar ta yi tsaye yana ganin sawu ɗaya ya wuce shi. Minti arba'in da shigarku hubbare zai fara leƙowa, a Argungu kuma ya fara maganar dare. A yanke magana gaban ɗan yuniyan: tashi ƙarfe bakwai na safe, dawowa kafin magariba, wuri uku, jira yana ciki, abincin direba yana kan mai shata. Mai kuma a shiga gidan mai tare a sha a Birnin Kebbi. Idan aka damƙa wa direba kuɗin man a hannu, wasu rabi suke sha, sai a tsakiyar hanya a tsaya wajen 'yan bumburutu, a sayi mai tsada wanda ba a san me aka gauraya masa ba. Kafin alƙalami kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku.

Direbobi da yawa za su so a fara da Argungu don sun fi sabawa da hanyar. A ƙi. Gwandu ake fara zuwa, dalili kuwa a tafin ƙafa yake: ana cire takalmi a hubbare, kuma daga hantsi ƙasar wurin ta fara ɗaukar zafi, a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 tsoho ko yaro ba zai jure tsayuwa ba. Da safe kuma masu kula da wurin suna nan, ba a cika ba, ana samun natsuwar yin addu'a.

Gwandu ƙaramin gari ne a cikin kwari, tuddai sun kewaye shi, wanda bai san tarihi ba zai wuce bai ɗaga kai ba. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka zauna daga 1805, shekarar da ƙanensa Abdullahi ya ci Birnin Kebbi. Da aka raba tafiyar da daular a 1812, yamma ta faɗa hannun Malam Abdullahi, Gwandu ta zama hedikwatar wannan ɓangaren, har ƙasar Nupe da Ilori nan suke kallo. A nan ya rasu a 1829, a nan kabarinsa yake, tare da na wasu daga zuriyarsa. Baturen Jamus Heinrich Barth ya sauka garin a 1853, zamanin Sarki Halilu, kuma a nan ya samu kwafin wani babban littafin tarihin Songhai rubutun hannu, abin da ke nuna irin karatun da ke garin a lokacin. Fadar Sarkin Gwandu yanzu tana Birnin Kebbi, saboda haka kar baƙo ya je Gwandu yana tambayar fada mai dogarai. Duk wannan direba ba zai gaya maka ba, mafi yawansu iyakar saninsu "hubbaren Mai Gwandu ne." Masu kula da hubbaren su ne masu bayani. A yi musu sallama, a gaisa a tsanake, a faɗi daga inda aka zo, sannan a bi bayansu. Su za su nuna kabari da kabari, su kuma za su faɗi inda mata suke tsayawa. Hoto sai an nemi izini. A zo da canji ƙanana don sadaka, domin da mota ta tsaya almajirai za su taru, wanda ya fito da dubu guda a dunƙule ya haɗa kansa da rigima. Abin da ya fi tsabta shi ne a ba babba ɗaya ya raba. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta wadatar. A yi alwala da kama ruwa tun daga masauki, domin ba wuri ne da aka shirya don 'yan yawon buɗe ido ba.

A hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu akwai Alwasa, inda aka gwabza yaƙi a 1805 jama'ar Shehu suka yi asarar mutane masu yawa. Direba zai wuce da gudu in ba a ce masa ya rage ba. Minti goma ya isa.

Gidan tarihin Kanta shi ne wurin da kuɗin shata ya fi fita. Tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, sarakuna sun zauna cikinta har 1942, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958. An kasa shi sassa 11, kuma makabartar sarakunan tana ciki, don haka shi ma wurin ladabi ne. Sunan ya samo asali daga Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa daular Kabi da babban birninta a Surame. Akwai takubba, masu, baka da kwari, layu, tambura da kayan kamun kifi. Abin lura shi ne bayanan da aka rubuta jikin kayan ba su da yawa, wanda ya zagaya shi kaɗai zai fito cikin kwata awa yana cewa tsofaffin ƙarafa ya gani. A nemi ma'aikacin gidan ya zagaya da ku, a ba shi awa guda, a yi masa tambaya. Akwai daɗin ji a nan ga wanda ya fito daga Gwandu da safe, domin yaƙoƙin da ya ji labarinsu daga bakin ɓangare ɗaya, yanzu zai ji su daga bakin Kabawa, waɗanda suka shafe mafi yawan ƙarni na 19 ba su miƙa wuya ba. Ranakun aiki sun fi tabbas. Juma'a a bar ta, daga sha biyu gari ya koma masallaci, shirin yini ya rushe.

Abincin rana a ci a Argungu. Shinkafa da kifi ba sa wuya a garin. A zaɓi wurin da ake soya kifin a gabanka, ruwan sha kuma a taho da shi daga Birni a cikin kula da ƙanƙara, aƙalla lita biyu ga kowane mutum.

Matan Fada ita ce inda baƙi suka fi jin an yaudare su, alhali ba wanda ya yaudare su. Hotunan da suka gani na dubban masunta da homa da gora na ranar gasar kamun kifi ne, bikin da ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. A sauran ranakun shekara gulbi ne shiru, rumfunan kallo babu kowa, kuma an hana kamun kifi a wannan yankin don kifi ya girma, Sarkin Ruwa ne ke da iko da wurin. Wanda ya san haka zai ji daɗin abin da ke akwai: fadamar shinkafa iya ganin ido, injinan ban ruwa suna kuka, balbela da zalɓe a gefe, kirinjijiya suna tashi garke-garke da yamma. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin ganin haka. A Agusta da Satumba gulbin yana cika ya malale fadama, hanyoyin bakin ruwa su zama taɓo, Golf ba ta da abin yi a nan.

Shiga kwalekwale shi ne rauni mafi girma a duk tafiyar, kuma ba ya cikin shata. Direba zai haɗa ka da wani da ya sani, ya karɓi nasa a gefe. Gwanintar masu tuƙin ba abin shakka ba ce, Kabawa a ruwa suka tashi, amma rigar kariya ba kasafai ake samunta ba, kuma wanda ya iya iyo tun yana ɗan shekara biyar ba ya ganin haɗarin da baƙo yake ciki. Jihar nan ba ta manta da jirgin da ya nutse a wajen Wara a watan Mayun 2021 ba, kuma lodi fiye da kima na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Kafin a shiga a dubi cikin jirgin. Ɗan ruwa a ƙasa da ƙwaryar kwarfa ba komai ba ne, amma idan ana ganin ruwa yana tsattsafowa ta haɗin katako, a nemi wani. Bayan kowa ya zauna, bakin jirgin ya rage aƙalla taƙi ɗaya sama da ruwa, in bai kai ba a rage mutane. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a zauna a tsakiya, kar kowa ya miƙe don ɗaukar hoto, kar kuma a karkata gefe ɗaya gaba ɗaya don an hango tsuntsu, wannan ne ke kifar da ƙaramin jirgi. Yara ƙanana in babu riga su tsaya a tudu. Rabin awa ta isa, a ƙulla kuɗi kafin a tura jirgi, a fito kafin biyar.

Wani direban, don ya ƙara kuɗi, zai ce a zarce Surame a ga ganuwar Kanta. Wurin yana cikin jihar Sakkwato, a cikin daji, kuma da halin tsaron da ake ciki a arewacin Argungu, musamman tun harin Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, ba tafiyar da za a yanke a bakin gulbi ba ce. Haka masu tambayar a haɗa musu da dajin Kuyambana na Zamfara: sunan gandun namun daji yana nan a takarda, amma ba wurin hutu ba ne yanzu, direban kirki ma ba zai karɓa ba.

A bar Argungu ƙarfe biyar, a shiga Birnin Kebbi da sauran haske. Cikon kuɗi a ƙofar masauki ake biya, bayan an sauke kaya an duba ƙarƙashin kujeru. A riƙe shi tsaba tun safe, domin tura kuɗi ta waya yakan maƙale, kuma direban da ya yini a hanya ba zai tafi ba sai ya ga saƙon banki.